Sherif da Mataimakansa: Tarihin Wani Muƙami a Ingila da Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon fim ɗin kaboyi ya san mutumin nan mai tauraro a ƙirji, wanda ake kira sherif. A wannan ɗan rubutu ina so in bi asalin muƙamin, in kuma nuna cewa ƙarfinsa ya dogara ga ikon naɗa mataimaka. Sai dai mai karatu ya lura, kalmar ba ta da dangantaka da sharifi da muka aro daga Larabci. Daga tsohon Ingilishi ta fito, watau shire, gunduma, da reeve, wakili.

Asalinsa a Ingila

Tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066 akwai sherif. Shi ne wakilin sarki a gunduma, yana tara haraji, yana zaman shari'a, yana tsare masu laifi. Yana kuma da ikon yin gayya, ya kira ƙarfafan maza su taya shi kama ɓarawo ko kwantar da tarzoma. Wannan gayya ita ce posse comitatus da Latinanci, ma'ana ƙarfin gunduma. Da iko ya yi yawa sai zalunci ya biyo baya. A 1170 Sarki Henry na Biyu ya sa aka bincike su, ya tuɓe yawancinsu. A 1215 kuma Magna Carta ta hana su yanke hukunci a manyan shari'u na sarki. Sannu a hankali muƙamin ya zama na ado, kamar yadda yake a Ingila yau.

A Amurka

Turawan Ingila suka haye da muƙamin zuwa Amurka, inda aka kasa Virginia gunduma takwas a 1634. Da fari gwamna ke naɗa sherif, daga baya aka koma zaɓe. Yau akwai su wajen 3,000, yawanci ana zaɓensu na shekara huɗu. Su ke riƙe kurkukun gunduma, su tsare kotu, su kai sammaci, su yi aikin 'yan sanda a karkara. Sherif shi ke ɗaukar mataimakansa ya rantsar da su, kuma da sunansa suke aiki.

To, a nan haɗarin yake. Ran 10 ga Satumba, 1897, a Lattimer ta jihar Pennsylvania, mataimakan Sherif James Martin suka buɗe wuta kan 'yan haƙar kwal masu yajin aiki, suka kashe aƙalla 19. Mutanen nan baƙi ne daga gabashin Turai, ba su ɗauke da makami, amma kotu ta wanke Martin da mutanensa.

Haka kuma a Selma ta jihar Alabama, Sherif Jim Clark ya rantsar da farar fata barkatai suka zama mataimakansa. Ran 7 ga Maris, 1965, su da 'yan sandan jiha suka auka wa mutum wajen 600 a gadar Edmund Pettus, masu neman a bar baƙar fata su yi zaɓe. A watan Agusta aka kafa dokar 'yancin zaɓe, baƙar fata suka yi rajista, a 1966 Clark ya faɗi zaɓe. Sa'an nan a 1976, a shari'ar Elrod da Burns, Kotun Ƙoli ta hana sherif korar ƙananan ma'aikata don kawai ba 'yan jam'iyyarsa ba ne.

Kammalawa

A ganina, darasin shi ne mai iko yana kunyar wanda ke iya tuɓe shi kaɗai. Sherif na Ingila sarki yake tsoro, na Amurka kuwa mai ƙuri'a, shi ya sa baƙi da baƙar fata suka fi shan wuya. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Amma wannan tarihi ya sa ina tambaya, shi mugun bafaden wa ya naɗa shi?