Asakusa: Unguwar da Ta Yi Arziki da Abin da Fada Ta Kora

Asakusa unguwa ce a birnin Tokiyo, a bakin kogin Sumida, kuma ta girmi birnin kansa. Bisa ga labarin da aka gada, a shekarar 628 waɗansu masunta biyu, wa da ƙane, suka jawo gunkin Kannon cikin komarsu, aka gina masa ɗakin ibada da ake kira Sensoji. Masu ziyara suka jawo 'yan kasuwa, ƙauye ya kafu.

Amma ba ibada kaɗai ta ba unguwar halinta ba. Sa'ad da gidan Tokugawa ya kama mulki a 1603, ya zauna a Edo, watau Tokiyo ta yanzu, hukuma ta riƙa tura abin da take ƙyama zuwa gefen gari, Asakusa kuwa a gefen take. Bayan babbar gobarar 1657 aka ƙaurar da Yoshiwara, unguwar karuwai, zuwa fadamun da ke arewa da Sensoji. A 1842 aka koro gidajen wasan kwaikwayo na Kabuki zuwa nan. Nufin hukuma shi ne ta nisanta talakawa daga shashanci, sai ga shi ta tara musu ibada da ciniki da wasa wuri guda. Nan da nan Asakusa ta zama dandalin birni duka.

Ko bayan faɗuwar Tokugawa a 1868, sabon abu nan yakan fara sauka. A 1890 aka gina hasumiya mai hawa 12, a 1903 aka buɗe gidan siliman farko na Japan, a 1927 kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko ya haɗa ta da Ueno.

Sau biyu wuta ta cinye unguwar: a girgizar ƙasa ta 1923, da daren 10 ga Maris 1945, sa'ad da jiragen Amurka suka ƙone har babban ɗakin Sensoji. An sāke gina shi da kankare a 1958, ƙofarsa Kaminarimon kuma a 1960. Gini ya komo, taron wasa bai komo ba, gama talabijin ta shiga gidaje, matasa kuma sun karkata yamma, wajen Shinjuku da Shibuya.

Yau baƙi ne ke cika layin kantuna na Nakamise, suna neman kamannin Edo ta dā. Abin da hukuma ta koro ya watse. Abin da masunta suka kafa shi ke riƙe da unguwar.