Yadda Aka Sa Tsoro Cikin Sunayen 'Yan Wasa

A da, in za a nuna fim a gidan silima, akan fara da jerin sunayen 'yan wasa. Mutane ba su kula da su, sai su yi ta hira har wasa ya soma. Wani mai zane a Amurka, Saul Bass, ya ga wannan hasara ce.

A cikin 1960 Alfred Hitchcock ya shirya wani fim mai ban tsoro, Psycho, ya ba Bass aikin sunayen. Bass ya sa waɗansu sanduna masu ruwan toka suna ratso baƙin allo da sauri, su kawo suna a tsattsage, su haɗa shi, sa'an nan su sāke yayyaga shi. Mai tsara kiɗan, Bernard Herrmann, bai sa ganga ko algaita ba, sai kayan tsirkiya dangin goge kaɗai, suna ta kuka ba hutawa.

Dalili kuwa, labarin na wani mutum ne wanda hankalinsa ya rabu biyu. Tun ɗan kallo bai ga fuskar kowa ba, gabansa ya riga ya faɗi. Hitchcock kuma ya hana a bar kowa ya shiga bayan an fara.