Kayan tsoffin sojan Faransa a ƙasar Ƙonni

A yaƙin 1914-1918 da na 1939-1945, Faransa ta ɗebi samari daga ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela. Waɗanda Allah ya maido gida sun zo da jar dara, da adda, da butar ƙarfe, da lambobin girma. Addar ta ƙare a gona, butar kuwa a hannun makiyaya. Abin da aka fi adanawa shi ne littafin soja, domin a da da shi ake karɓar fansho, wanda dokar Faransa ta 1959 ta taɓa hana ƙaruwarsa. A ganinmu, mai tattara kayan nan ya fara da littafin, tun da yana ɗauke da suna da gari da shekarar ɗauka, ko da yake rubutun Faransanci ya jirkita sunayen Hausa. Magada ba su yarda su sake shi, sai dai a kwafa.