Matasa da Cutar Ƙin Cin Abinci: Zato Kaɗai Ya Isa a Nemi Ƙwararre

A shekarar 2015 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta kafa ƙa'ida a kan yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 19 da ake zaton suna da cutar da ta shafi cin abinci. Wanda halinsa ya tsananta a fara yi masa magani cikin mako ɗaya, saura kuma cikin mako huɗu, kuma aka ce zuwa 2020 kashi 95 cikin 100 na masu zuwa su sami wannan kulawa a kan lokaci. Gwamnati ta ware fam miliyan 30 duk shekara don kafa ayarin ƙwararru a cikin al'umma. Lissafin kwanakin yana farawa ne daga ranar da aka tura yaro, tun ba a tabbatar da cutar ba, kuma uwa ko malamar makaranta tana iya tura shi kai tsaye. A ganina wannan shi ne daidai, ko da yake akwai tsada a ciki.

Dalili na farko yana cikin jikin mutum. Tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya gudanar da gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka, inda maza 36 masu ƙoshin lafiya suka yarda aka rage musu kusan rabin abincinsu har wata shida. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu, amma abin da ya sami tunaninsu ya fi ban mamaki. Ba su da hira sai ta abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, suna jan loma ɗaya tsawon lokaci, suka zama masu saurin fushi da gudun mutane. Yunwa kaɗai ce ta yi musu haka. Ke nan taurin kan da iyaye ke gani ga yarinya mai anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci, wani kaso nasa aikin yunwar ne, kuma duk watan da ya wuce ƙara kafewa yake yi. Binciken da Gerald Russell da abokan aikinsa na asibitin Maudsley a Landan suka wallafa a 1987 ya zo daidai da wannan: maganin da ake yi tare da iyali ya fi tasiri ga waɗanda cutar ta kama suna ƙanana, kuma ba ta kai shekara uku a jikinsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi wannan magani na iyali ya juya tsohuwar fahimta. William Gull, wanda ya raɗa wa cutar suna a 1873, yana ganin dangi su ne mafi rashin dacewa da jinyar mai ita, kuma an daɗe ana raba mara lafiya da gidansu. A tsarin Maudsley kuwa iyaye ne masu jinyar. Tun a zaman farko-farko ana cewa su zo da abincin gida, a zauna a ci gaban mai ba da magani. Yarinya za ta yanka nama ƙanana-ƙanana, ta yi ta juya shinkafa da cokali, ta ce ta ƙoshi. Uba ya ɗaga murya, uwa ta fara lallashi, su saɓa wa juna. Aikin ƙwararre a nan shi ne ya sa bakin iyayen ya zama ɗaya, su tsaya kai da fata cikin natsuwa har ta ƙara loma a kan abin da ta yi niyya. Ba a tambayar laifin wane ne. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta sa wannan hanya a sahun farko ga matasa a jagorarta ta 2017.

Jagorar ta kuma hana a dogara da sikeli kaɗai wajen yanke wa za a karɓa. Mai bulimiya, wadda ke cin abinci da yawa sannan ta tono amai, sau da yawa nauyinta daidai yake, alhali sinadarin potasiyam ya yi ƙasa a jininta har bugun zuciya na iya rikicewa. Alamarta tana ga kumburin gefen muƙamuƙi, da haƙoran da ruwan ciki ya zaizaye, da kanta a bayan yatsu. Wadda ta daɗe da yunwa kuma, in aka ɗura mata abinci farat ɗaya, fosfet ɗin jininta yana iya faɗuwa ya kashe ta. Shi ya sa "ki daure ki ci" ba ya wadatarwa. Ana bukatar mai auna jini da bugun zuciya yana lura.

Masu suka suna cewa buɗe ƙofa ga zato zai cika asibiti da yaran da ba su da komai sai tsirfar ƙuruciya. Suna da abin kamawa: bayan annobar korona masu neman taimako sun yi yawa ƙwarai, aka daɗe ba a cim ma kashi 95 ɗin ba. Sai dai ganawa ɗaya da ta ƙare da "ba komai, ku koma gida" ta fi araha nesa ba kusa ba a kan gadon asibiti na wata da watanni. Raunin tsarin na gaskiya yana wani wuri ne, wato lokacin da matashi ya cika shekara 18 aka miƙa shi sashen manya, inda jira ya fi tsawo. Rahoton da mai sauraron koke-koken lafiya na majalisar Birtaniya ya fitar a 2017, bayan rasuwar wata ɗaliba 'yar shekara 19, ya nuna yadda ake sakin mara lafiya tsakanin hannu da hannu.

A ƙasashenmu matsalar tana gaba da jira, domin zaton ma ba ya zuwa. An saba ɗauka cewa cutar Turawa ce, ta masu ƙoshi, musamman da yake a nan ƙiba ake yabo, har 'yan mata na sayen maganin ƙiba a kemis. Amma wani bincike da aka wallafa a 2004 a kan 'yan matan sakandare a Gana ya sami waɗanda ke horar da kansu da yunwa har suka rame ƙwarai, ba don tsoron ƙiba ba. Su ibada da kame kai suka ɗauke shi. Wannan ya kamata ya sa mu tsaya. Idan budurwa ta rame a Kano ko Damagaram, za a bi ta da gwajin taifot, da olsa, da tarin fuka, da ƙanjamau, sannan a koma batun sammu ko iska. Azumin nafila kuma, wanda abin yabo ne, yana iya zama mafakar da ba wanda zai yi wa tambaya.

Ba mu da ayarin ƙwararru irin na Ingila, amma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, da Barnawa, da Kware, da Maiduguri, da asibitocin koyarwa. Likitan da ya gama gwaje-gwaje bai ga komai ba, yana iya keɓe yarinyar ya tambaye ta me ta ci jiya tun daga safe, yaushe rabonta da al'ada, ko tana sa kanta amai, sannan ya rubuta takardar turawa a ranar.