El-Kanemi Warriors ta Maiduguri: tarihinta, abokan hamayyarta da wasanninta a Kudu a kakar 2025/2026

Duk teburin mai shayin da ake hirar tamaula a Agege, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, sai ka ji sunan Arsenal da Barcelona da Real Madrid. Idan aka gangaro gida kuwa, Kano Pillars ce ke cinye hirar. To amma a cikinmu akwai dubban 'yan Borno da Yobe, masu sayar da busasshen kifi da dabbobi da hula da turare, waɗanda tasu ƙungiyar ita ce El-Kanemi Warriors. Domin su na tattara wannan bayani, da kuma duk wanda ke son ya shiga musu da hujja a hannu.

Asalin ƙungiyar

An kafa El-Kanemi Warriors a shekarar 1986, kuma mallakar gwamnatin jihar Borno ce. Gidanta shi ne filin wasa na El-Kanemi da ke cikin Maiduguri, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 10,000. Sunan ya samo asali ne daga Shehu Muhammadu al-Amin El-Kanemi, malamin da ya tsaya wa daular Borno a farkon ƙarni na 19, ya kafa garin Kukawa, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Shehun Borno har yau. Don haka a wurin mutumin Yerwa, sunan nan ya wuce na ƙwallo kawai.

Manyan mutane sun ratsa ta cikinta. Samson Siasia ya taka mata leda kafin ya tafi Beljiyam. Marigayi Shu'aibu Amodu, wanda daga baya ya riƙe Super Eagles, ya horar da ita a farkon shekarun 1990. Ladan Bosso ma ya riƙe ta, sai kuma Aliyu Zubairu da ya dawo mata da martabarta a 2024, wanda aka damƙa wa Flying Eagles.

Kofunan da ta ci

El-Kanemi ba ta taɓa ɗaukar kofin Firimiyar Najeriya ba. Inda ta yi suna shi ne kofin ƙalubale, gasar da ta fi kowace daɗewa a ƙasar nan, wadda aka fara tun 1945, yanzu kuma ake kira Kofin Shugaban Ƙasa. Sau uku ta ɗauke shi:

1991: ta doke Kano Pillars da ci 3-2.
1992: ta doke Stationery Stores ta Legas da ci 1-0.
2024: ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, Legas, ranar 29 ga Yuni.

Na 2024 ɗin nan akwai abin lura a cikinsa. Shekara 32 aka yi ana jira, kuma a lokacin ƙungiyar tana rukuni na biyu, wanda mutanen Kano ke wa laƙabi da ajin 'yan dagaji, bayan faɗuwar da ta yi a 2023. A shekara ɗaya ta haɗa kofi da komawa Firimiya.

A gasar Afirka, mafi nisan da ta yi shi ne a 1993, lokacin da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, kofin da Al Ahly ta Masar ta ɗauka a shekarar. Komawarta Afirka a 2024 ba ta yi tsawo ba: Dadje ta Jamhuriyar Benin ta cire ta tun a zagayen share fage.

Shekarun gudun hijira

Rikicin Boko Haram bai bar ƙwallo ba. Da abin ya tsananta, hukumar gasar ta hana wasa a Maiduguri, ƙungiyar ta koma karɓar baƙi a garin wasu, Kano da Katsina, har sai a 2016 ta koma gida. Wanda bai san Firimiyarmu ba ba zai gane girman wannan asara ba. A nan, gida shi ne rumbun maki. Ƙungiyar da aka raba da filinta kamar ɗan kasuwa ne da aka tasa daga rumfarsa, kayan na nan amma masu saye ba su san inda yake ba.

Bayan wannan kuma ga ambaliyar Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri daidai da farkon kakar wasa. Duk da haka ƙungiyar ta gama kakar 2024/2025 ba ta faɗi ba. Waɗanda suka faɗi su ne Heartland, Akwa United, Sunshine Stars da Lobi Stars, Remo Stars ta Ikenne kuma ta ɗauki kofin karon farko a tarihinta.

Yadda gasar take

Ƙungiyoyi 20 ne, kowace za ta buga wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Ta ɗaya da ta biyu su je gasar Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci kofin ƙalubale su je ta Confederation, huɗun ƙarshe su sauka. Waɗanda suka hauro a kakar 2025/2026 su ne Wikki Tourists ta Bauchi, Barau FC ta Kano, Warri Wolves da Kun Khalifat ta Owerri.

Mu yi lissafi. Ko da ƙungiya ta cinye duk wasanninta na gida, maki 57 ke nan. Wannan zai tsare ta daga faɗuwa, amma da wuya ya kai ta ga kofi. Ragowar sai an ɗebo daga waje, kuma a nan matsalar El-Kanemi take. Daga Maiduguri zuwa Legas ta mota ya haura kilomita 1,500, ta Damaturu da Potiskum, kafin ma a kama hanyar Kudu. Ba wata ƙungiya a gasar da ke shan tafiya irin tata. Sai dai kaifi biyu ne, domin duk baƙon da zai je Maiduguri shi ma zai sha tafiyar, ga zafin rana a watannin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40.

Abokan hamayya

Kano Pillars ce ta farko. An kafa ta a 1990, tana da kofin Firimiya huɗu, 2008, 2012, 2013 da 2014, da kofin ƙalubale ɗaya a 2019. Ɗan Sai Masu Gida zai ce maka huɗu ta fi sifili. Ɗan Borno zai ce uku ta fi ɗaya, ya kuma tuna masa da 1991. Daɗin abin, akwai tsohon wasan Barebari da Fulani da ke shiga cikin musun, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. A kakar 2025/2026 Pillars na da Ahmed Musa, wanda gwamnatin Kano ta naɗa babban manajan ƙungiyar a watan Yulin 2025, ga kuma Rabi'u Ali Pele da ya daɗe yana jan ragamarta.

Ta biyu ita ce Wikki Tourists, wadda ta ci kofin ƙalubale a 1998. Dawowarta ta sa Arewa maso Gabas ta samu wakilai biyu, don haka wasansu na neman wanda zai ce shi ne babba a shiyyar ne. Sai Katsina United, Plateau United da ta ɗauki Firimiya a 2017, Nasarawa United, Niger Tornadoes, Kwara United da ta ci kofin ƙalubale na 2025, da sabuwar shiga Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin. A Kudu kuwa, Abia Warriors ba ta manta da Onikan ba.

Ƙwallon ɗalibai

Akwai wata ƙungiyar a Maiduguri da ba a cika ambata ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da UNIMAID Desert Warriors, kuma ita ce ta ɗauki kofin gasar manyan makarantu ta HiFL a 2021. A Amurka, wasan jami'a kan tara mutum 100,000 a fili ɗaya. Mu nan ba mu kai can ba, amma a ganina irin waɗannan yara su ne ya kamata babbar ƙungiyar jihar ta riƙa sa wa ido, maimakon jiran ragowar da wasu suka sallama.

Inda za ku gan ta a Kudu

Cikin wasanninta 19 na waje, 11 a Kudu za a buga su. Ga ƙungiyoyin da garuruwansu:

Ikorodu City, Legas. Filin Onikan bai da nisa da Obalende.
Remo Stars, Ikenne, maƙwabciyar Shagamu.
Shooting Stars, Ibadan. Filin Lekan Salami da ke Adamasingba yana dab da Sabo.
Bendel Insurance, filin Samuel Ogbemudia, Binin.
Warri Wolves, jihar Delta.
Bayelsa United, Yenagoa, a filin da ke ɗauke da sunan Samson Siasia.
Rivers United, Fatakwal.
Enyimba, Aba.
Abia Warriors, Umuahia.
Rangers, filin Nnamdi Azikiwe, Inugu.
Kun Khalifat, Owerri.

Kafin mutum ya rufe shago ya kama hanya, ya tabbatar da rana da fili, domin gyaran fili ko hukunci kan sa a mayar da wasa wani gari.

Hasashena

Ban ga El-Kanemi a sahun masu neman kofin Firimiya bana ba. Remo Stars, Rivers United, Rangers da Enyimba sun fi ta kuɗi da yawan 'yan wasa. Abin da nake ganin za ta iya shi ne ta tsaya a tsakiyar teburi, ta zuba ƙarfinta a kofin ƙalubale, inda wasa ɗaya ke raba gardama kuma ba a buƙatar juriyar wata tara. Sharuɗɗan uku ne: a biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari, kada a bar maki ya zube a Maiduguri, sannan a riƙa tsinto ko da canjaras ne a waje. Idan ɗaya ya kuɓuce, abin da ya faru a 2023 ba shi da wuyar maimaituwa.

Jan hankali ga masu zuwa kallo

A Afrilun 2022, rikicin 'yan kallo a wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya jawo wa Pillars tara da ragin maki uku, kuma a ƙarshen kakar dukansu biyu suka faɗi. Wannan a gida ke nan. Mu da ke zaune a garin mutane, namu ya fi haka nauyi. 'Yan wasa za su hau motarsu su koma Borno, mu kuwa gobe da safe za mu buɗe rumfa kusa da wanda muka yi wa ihu jiya. Jifa ɗaya a filin wasa na iya zama fitinar da za ta ci kasuwa.

Don haka a je a ƙungiya, a sanar da Sarkin Hausawa ko shugabannin unguwa idan tafiyar ta mutane da yawa ce, a zauna ɓangaren da aka ware wa baƙi, a bar alƙalin wasa da hukuncinsa ko da ya yi ciwo. In an ci, a yi murna daidai misali. In an sha kashi, a yi wa masu gida barka, a kama hanya tun da sauran haske. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma zaunar da Borno da ƙasa baki ɗaya lafiya.