Wai Filasta Ce?

Da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran cuta da gyambo da azabar da ke biyo su: ciwo. Sai in yana son bambancewa ne yake cewa zogi, ko suka, ko raɗaɗi. Tsohuwar da daji ya kama wa ƙashi a wani ƙauyen Buza cewa za ta yi abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, rabonta da barci tun kaka. Saboda irinta aka yi wani magani da har yau ba mu raɗa masa suna ba.

Ɗan falle ne mai gam, bai fi kan sarki girma da yawa ba. A ƙirji ko a dantse ake liƙa shi, a bar shi awa 72. Abin da ke ciki fentanil ne, wanda Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam wajen 1960, ya kuma ninka morfin ƙarfi sau 50 zuwa 100. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna domin masu ciwon daji.

Duk wanda ya gan shi filasta zai ce, kuma nan damuwata take. Filasta a wurinmu abar rufe yanka ce. Daidai wurin ciwo ake manna ta, in ɗaya ba ta isa ba a ƙara, a datsa da almakashi, a sam wa maƙwabci ragowar. Wannan kuwa fata yake ratsawa ya shiga jini sannu a hankali, yakan kai awa 12 ko fi kafin a ji aikinsa. Mai jinyar da ya ji shiru ya ƙara na biyu da la'asar, yana iya wayar gari numfashin mara lafiya ya yi ƙasa. Zafi ma hanzarta shi yake yi: zazzaɓi, ko kwanciya a rana cikin bazarar Keita, ko gashi da tsumma mai zafi da iyayenmu mata suke yi da kyakkyawar niyya. Ko an ɓare shi, sauransa na nan cikin fata har tsawon yini. Shi ya sa likita ba ya fara shi ga wanda jikinsa bai saba da morfin ba.

Ɗaya sunan da ke kusa da shi shi ne ƙwaya. Tun da tiramol ta shiga hannun ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi, kalmar ta tashi daga hatsi ta koma zagi: ɗan ƙwaya. In likita ya ce wannan dangin tiramol ne, gaskiya ya faɗa, amma dattijo sai ya kawar da kai ya ce a bar shi da Ubangijinsa, ya ci gaba da nishi.

Ni dai "maganin liƙi mai shiga jini" na zaɓa. Yana da tsawo, amma ya faɗi inda abin yake zuwa. Ma'aikatan lafiya na Madawa da Buza da Keita, in ya zo hannunku kada ku ce wa iyali filasta. Ku rubuta musu rana da awar canzawa, ku nuna musu yadda ake ninke tsohon, gam kan gam, a dawo muku da shi kafin yaro ya tsinta.