Daga Bariki Zuwa Otel: Gwamnati da Sana'ar Saukar Baƙi a Arewacin Nijeriya

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa kowane babban gari yana da zango inda ayari ke sauka, yana kuma da fatoma, watau maigidan da ke ba falke ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi. Ba a yanka wa ɗaki kuɗi, gama ladan maigida yana cikin la'adar ciniki ne. Ma'aunin wannan sana'a kuwa suna ne kawai. Wanda ya ci amanar baƙo, labarinsa ya bi hanya, ayarin baɗi sai ya sauka gidan wani. Abin da ya zo sabo shi ne gidan da ake biyan kuɗin kwana bisa farashi sananne, a ba da rasit, ma'aikata kuma su karɓi albashi. A Arewa Gwamnati ce ta ɗauki mafi yawan nauyin kafa irin wannan gida, saboda haka tarihin daraja da horo a sana'ar otel ba ya rabuwa da tarihin Gwamnati.

Asalin abin bariki ne. Da Turawa suka kafa mulki, sai aka yi ta gina barikoki a kan hanyoyin rangadi domin Razdan da Di'o da sauran ma'aikata. Yawancinsu ɗaki ne kurum da mai tsaro. Bature shi ke tahowa da gadonsa da kukunsa da boyinsa. Daga baya aka kafa a manyan garuruwan larduna waɗansu gidaje masu ba da abinci, waɗanda aka sa wa suna Catering Rest House. A nan ne aka fara ganin ƙa'ida guda tana bin gidaje da yawa: lokacin cin abinci ɗaya, shimfiɗa iri ɗaya, littafin baƙi, da lissafin da odita zai zo ya duba. Ma'aikacin da ya tashi daga wannan lardi zuwa wancan ya san abin da zai tarar. Wannan shi ne ma'auni na fari, kuma ba doka ce ta kawo shi ba, kasancewar mai gidajen ɗaya ne ta kawo shi.

Horon ma haka ya faro, ba aji ba allo. Yaro ya shiga yana wanke tangaran, ya koma yaron kuku, ya koyi gasa burodi da jera cokula, in ya daɗe ya zama kuku. Hanya ce mai fitar da gwanaye a hannu, amma ba ta fitar da manaja ko akawu, domin ba a koya wa yaron karatu da lissafi. Shi ya sa shugabancin manyan gidajen ya daɗe a hannun Turawa.

Da mulkin kai ya matso, bukata ta sake. Kano ta zama matsayar jiragen sama masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, tana da Central Hotel. Jos tana da Hill Station tun zamanin haƙar kuza. Kaduna kuwa, hedkwatar Jihar Arewa, ta karɓi Sarauniyar Ingila a 1956, ta yi bikin mulkin kai a 1959, baƙin Gwamnati suka yi ta ƙaruwa. A farkon shekarun 1960, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, aka buɗe Otel ɗin Hamdala. A 1962 aka buɗe wa jama'a Gandun Dajin Yankari, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar farko ta kula da yawon buɗe ido a Nijeriya.

A nan akwai wani al'amari da masu rubuta tarihin tattalin arziki ba su cika tsayawa a kansa ba. A idon Bahaushe na wancan zamani, kalmar otel ba ta da kyawun suna, domin abin da ya sani da ita shi ne gidan giya da matan banza a Sabon Gari. Uba ba ya murna ya ji ɗansa yana aiki a can, balle 'yarsa. Otel ɗin Gwamnati shi ya fara rage wannan ƙyama. Wanda ke aiki a cikinsa yana da takardar ɗauka, da kayan aiki masu tsabta, da albashi a ƙarshen wata, kuma sarakuna da ministoci ne baƙinsa. Gwamnati ta ara wa sana'ar mutuncinta, abin da ɗan kasuwa ba shi da ikon yi ko da yana da kuɗi. Da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, wadda ta sami wannan matsayi a 1968, ta shiga koyar da girki da sarrafa otel, irin waɗannan gidaje ne wurin da ɗalibi zai gwada hannunsa a kan baƙo na gaskiya. Kamfanin Arewa Hotels, na ƙarƙashin kamfanin raya ƙasa na NNDC, ya riƙa gudanar da otel-otel a garuruwa dabam-dabam, ma'aikata suna zagawa tsakaninsu da abin da suka koya.

Da aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu a 1967, kowace jiha ta so a ce tana da nata. A Kano, Gwamna Audu Bako ya gina otel a bakin tafkin Bagauda da wani a Tiga, yana nufin madatsun ruwa su zama wuraren shaƙatawa. Kuɗin man fetur ya ƙara ingiza ginin. A 1976 dokar soja ta kafa hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa, a 1977 kuma aka buɗe Otel ɗin Durbar a Kaduna domin baƙin bikin FESTAC. Gini ya yi yawa, horo bai bi shi da sauri haka ba. Babban aibin kuwa shi ne mai gida shi ne babban baƙo. Ma'aikatun Gwamnati su saukar da mutane, kuɗi ya makara ko ya ƙi fitowa, manaja ba shi da bakin korar wanda ya naɗa shi. In kuɗi bai shigo ba gyara ke fara tsayawa, sa'an nan horo, gwanaye kuma su tafi inda ake biya.

In an duba Kenya za a ga wata hanya. A 1975, da taimakon ƙasar Suwizalan, ta buɗe Kwalejin Utalii a Nairobi, aka haɗa ta da otel nata na koyarwa, aka kuma sa wa otel-otel da gidajen abinci haraji domin ɗaukar nauyin horo. Watau can makaranta ce ta mallaki otel. A Nijeriya sai a ƙarshen shekarun 1980 aka kafa cibiyar NIHOTOUR da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ba ta mazauni a Bagauda, daidai lokacin da Gwamnati ta fara janye hannu daga kasuwanci bisa dokar sayar da kamfanoninta ta 1988. Makaranta ta iso, gidajen da za su riƙe ta suna kan hanyar fita. An sayar da Durbar a 1992, ya shiga shari'a shekara da shekaru a rufe, har aka rushe shi a watan Janairu na 2020.

Da Gwamnati ta daina nuna ma'auni da gidajenta, sai ta nemi ta tsayar da shi da takarda. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NTDC ta ba ta ikon yi wa otel-otel rajista da raba su daraja-daraja. Jihar Ikko ta yi nata dokokin, gardama ta kai Kotun Ƙoli. Ran 19 ga Yuli, 2013, kotu ta yanke cewa ikon Gwamnatin Tarayya ya tsaya ne a kan shige da ficen masu yawon buɗe ido, amma lasin da duba otel na jihohi ne. Ginin Otel ɗin Bagauda kuwa, tun kafin wannan hukunci an riga an mai da shi reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya.